Awa 20 na ɗalibi a Birtaniya: ba a rama na wannan mako a mako na gaba

Ɗalibai da yawa da ke zuwa Birtaniya karatu suna ɗauka cewa awa 20 na aiki a mako da bizarsu ta ba su a lokacin zangon karatu ana lissafa su ne a dunƙule: ka yi 10 wannan makon, ka rama da 30 a na gaba. Ba haka ba ne. Ma'aikatar cikin gida ta ƙasar tana ƙirga mako daga Litinin zuwa Lahadi, kuma kowane mako da nasa hisabin. In wuri biyu kake aiki, haɗa awoyin ake yi. Wanda kwas ɗinsa bai kai matakin digiri ba kuwa, awa 10 ne nasa.

Inda 'yan digiri na biyu suka fi zamewa shi ne daga Yuni zuwa Satumba. An daina lacca, sai su zaci hutu ya zo, su kama aiki gadan-gadan. Alhali muddin kana rubuta kundin bincike, yawancin jami'o'i na lissafa lokacin cikin zangon karatu. Kalandar jami'arka ita ce hujja, kuma mai ɗaukar ka aiki zai nemi ganin ta.

Aikin dogaro da kai, kamar kai abinci a keke a Deliveroo, bizar ɗalibi ta hana shi ko da na awa ɗaya ne, kuma yana iya jawo a soke ta.