Robar riyal 30 da giyabos na riyal 2,500

Ranar Asabar da la'asar, a sana'iyyar Jidda, wani direba Bahaushe ya shigo da Hilux mai giyar hannu, sandar giyar tana lilo kamar muciya a tukunyar da tuwo ya ƙare. Mai warsha, wato garejin, ko robar da ta rufe gindin sandar bai ɗaga ba. Ya girgiza ta sau biyu, ya ce giyabos ya gama aiki, a je tashlih, inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, a ɗauko wani, riyal 2,500 ban da ladan ɗaurawa. Wani dattijo Bakano da ke jiran a yi masa faci ya ce, "Ɗana, kashe injin, taka kulochi ka sa mini lamba ɗaya zuwa biyar." Duk suka shiga. "To giyarka lafiya lau, bushin ne ya cinye." Yaran warshar suka kwashe da dariya, kuma dariyar nan ce ta ƙona mini rai, don Baba ne ke da gaskiya.

Sana'iyya unguwa ce guda ta gyaran mota, layi-layi, kowace ƙofa da allonta: wannan na inji, wancan na waya, na gaba na bugun jiki. Akwai na'urar ɗaga mota sama, akwai kwamfutar da ake jonawa ta karanto cuta. Sai dai kusan duk motar da ke shigowa otomatik ce. Giyar hannu, wadda suke kira adi, ta koma Hilux da Hiace da 'yan ƙananan akori-kura da ake ce wa dabbab, wato motocin masu neman na tuwo, irinmu. Kwamfuta ba ta jin sandar da ke lilo. Abin da aka kasa karantowa kuwa sai a ce a cire a sa wani, tunda ga tashlihin Buraiman nan cike da motocin haɗari.

Aikin Hilux ɗin bai fi na rabin awa ba. A bar giya a firi, a murɗe kan sandar, a ɗage robar. Akwai wani murfin ƙarfe da ya danne sandar. A danna shi ƙasa a juya hagu, sanda ta fito. A can ƙarshenta akwai 'yar hular roba mai tauri, a ƙarƙashin ƙwallon sandar kuma akwai zoben da take zama a kai. Su biyun nan, wato bushin, zafi ke gasawa har su ruɓuɓɓushe. A tsince ɓurɓushin da hankali kada ya faɗa cikin giyabos, a shafa giris kaɗan, a sa sababbi. A ƙananan motoci irin Corolla da Yaris waya biyu ce ke kai saƙo daga sanda zuwa giya, don haka robobin bakin wayoyin ake dubawa, da waɗanda ke ƙarƙashin kusoshin da suka riƙe mazaunin sandar. Girisin silikon ake sa musu, don na gargajiya yana kumbura roba.

Gwajin Baba shi ne mafarin komai. In giya na shiga sumul inji a kashe, amma tana gardama in an tayar, ribas kuma yana ƙara, kulochi ne bai saki sosai. Kafin a taɓa sifana a leƙa ƙarƙashin feda, sau tari dardumar ƙafa ce ta naɗe ta hana shi kaiwa ƙasa. Sai man kulochi, DOT 3 ko DOT 4, wanda ke tsotsar ruwa daga iska, ga shi Jidda a bakin Bahar Maliya take, damshi kamar a matse riga. Duk shekara 2 a sauya shi. Mutum biyu ake so: ɗaya ya bubbuga feda sau uku ya danne, ɗaya ya sassauta 'yar kusar famfon kulochi na ƙasa da ke jikin giyabos, mai da kumfa su fito, ya ɗaure kafin a saki feda. Wanda ya saki da wuri ya mayar da iska ciki. Kada a bar kofin man da ke sama ya bushe. Wasan feda a yawancin Toyota milimita 5 zuwa 15 ne.

A kan man giya kam dole in sunkuyar da kai. A nan za ka ba mai shago lambar jikin motarka ya fito maka da ainihin bushinta, galan ɗin mai kuma a rufe yake da hatiminsa. A gida mun san masu ɗura mai lamba 140 a giyabos don ya yi shiru. Na aksil ɗin baya ne. Shi ya sa da sanyin asuba lamba biyu ke ƙin shiga. Yawancin motocin nan 75W-90 suke sha, lita 2 zuwa 2 da rabi, kuma in littafin mota ya ce GL-4 kada a sa GL-5, don santsinsa na hana zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora kamawa. Mota ta tsaya a shimfiɗe, a fara kwance kusar zubawa ta gefe kafin ta tsiyayewa, kada a zubar da tsohon mai sannan a tarar ta zubawar ta cije. A ɗura har ya fara dalalowa daga ramin. In bayan wannan lamba guda ce kawai ke ƙara, zobenta ya mutu, babu man da zai tashe shi.

Samari na son sa kan sanda na ƙarfe mai nauyi, kuma yana taimakawa giya ta faɗa da kanta. A ranar Jidda dai sai an rufe shi da safa, in ba haka ba tafin hannu ya sha tambari.

To amma duk tsabtar man nan, me ta amfana in babu mai sauraren mota? Yaron gareji a Kofar Ruwa ko Panteka, da silifas da sifana uku, daga jin ƙarar ribas zai gaya maka abin da ke ciki, in bushin ya yi wuyar samu ya yanko tiyo ya fere maka wani. Ana cewa talauci ne ya koya masa. To, ya dai koya. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Makka da Jidda da yawansu ba su taɓa taka kulochi ba, ba su san a tura mota a sa lamba biyu ta tashi ba, Hausarsu ma sai da Larabci take shiga. Direban nan da Larabci ya yi wa Baba godiya. Baba ya amsa masa da Hausa, ya tambaye shi ɗan wace unguwa ne, sai ya ce kakansa ne ya san Kano.