Mantuwar nan ba sammu ba ce

Gaskiya ne da kuka ce a rubutunku raguwar istirojin, wani sinadari na jikin mace, lokacin ɗaukewar al'ada na kawo mantuwa, amma kun tsallake batun barci. Ni shekarata 49, atamfa nake sayarwa a kasuwar Garwa. Da, lissafin bashi duk a kaina yake, har na jaka biyu da rabi. Yanzu sai in riƙe canji a hannu in rasa na wa ne. Ran nan gishiri sau biyu na zuba a miyar kuka. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, ga zufar dare tana tashe ni sau uku, ina ƙwaƙwalwa za ta huta? Malam da ka rubuta a sama cewa a kai mu ruƙiyya, don Allah ka fara kai matarka asibiti a auna jininta, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo ma suna kawo wannan. Ni ɗan littafi na saya, komai ina rubutawa nan take. To matan karkara da ba su iya rubutu ba fa, me kuka tanadar musu?