Shin sukari yana jan sukari?

Daren jiya wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba mana a nan Gadarif ta Sudan, muka fito da angarib, gadonmu na saƙar igiya, tsakar gida. Ɗan yayata da ke shirin jarrabawar sakandare ya ɗaga kai sama ya ce, "Kawu, in aka ajiye ledar sukari biyu can inda babu duniya babu rana, za su matso su haɗu?" Ban kai ga buɗe baki ba babansa ya ce, "Kai dai ba ka da aikin yi. Yaushe sukari ya fara jan sukari?"

Ni bayan yaron nake, kuma ban ga laifin uban ba. Laifin na sunan da muka raɗa wa abin ne. Mun ce "maganaɗisun ƙasa", sunan ya ɓatar da mu ta fuska biyu. Maganaɗisu zaɓe yake yi, ya kama ƙusa ya ƙyale itace, wannan kuwa ba ruwansa da ƙarfe ne ko gero. Sannan ba ƙasa kaɗai ke da shi ba. Kalmar Larabci jazibiyya, wato jawowa, da yaranmu ke karantawa a makaranta ta fi tamu gaskiya.

Tun 1687 masanin kimiyya Newton ya rubuta cewa duk abu biyu masu nauyi suna jan juna. In tazarar ta ninka biyu, jan ya koma ɗaya bisa huɗu, in ta ninka goma ya koma ɗaya bisa ɗari. Ya yi ta raguwa ke nan, amma ba inda lissafin ya ce ya ƙare. A 1798 wani Baturen Ingila, Cavendish, ya rataye sanda da siririyar waya, da ƙwallayen darma ƙanana a bakinta biyu, ya matso da manya masu kilo 158 kowace. Wayar ta murɗe. Darma ta ja darma a cikin ɗaki.

Da hasken waya muka buga lissafin ledojin. Kilo ɗaya kowace, mita ɗaya tsakaninsu, suna tsaye cak: kwana ɗaya da 'yan awanni sun haɗu. Ka mai da tazarar kilomita ɗaya, sai an jira kusan shekara 100. Kilomita 1,000 kuwa, wajen shekara miliyan 3. Yaron ya yi tsalle wai ya ci gardama, na ce zauna tukuna.

Sharaɗin "tsaye cak" ɗin nan shi ne ƙashin bayan maganar. In ɗaya ta ɗan motsa tana nisantar 'yar'uwarta, ko da saurin da tururuwa za ta yi wa dariya, shi ke nan, sun rabu har abada. Kuma wurin nan da babu komai, a allo kaɗai yake. Ko'ina ka ajiye su akwai wani babba da zai fizge su. Can tsakanin manyan garken taurari ma sararin kansa buɗewa yake yi, ya fi ƙarfin jan leda nesa ba kusa ba. To kun ga uban ma yana da nasa rabon.

Inda nake da zafi shi ne masu ɗaukar wannan magana su kai ta kasuwar duba. Wai tunda jan tauraro ba ya ƙarewa, ai kimiyya ta tabbatar tauraronka ne ke juya arzikinka da aurenka. Haba malam! Ledar sukarin da ke kan tebur kusa da kai ta fi Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, janka sau dubbai. Ban taɓa ganin wanda ya je wa mai shago duban aure ba.

Amfanin dokar jazibiyya a ƙasar nan aka gan shi. Ran 6 ga Oktoban 2008 wani mai duban sama a Arizona ta Amurka ya hango dutse mai faɗin wajen mita 4 yana tahowa daga sararin samaniya. Da lissafin jazibiyya aka faɗi lokaci da wurin da zai shigo, washegari da asuba ya tarwatse a saman hamadar Nuba. Karo na farko ke nan da aka ga irinsa tun bai iso ba. A Disamba Dakta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartoum ya fita da ɗalibansa, suka jeru suna taka rairayi, suka tsinto ɓarɓashinsa kusa da tashar jirgin ƙasa ta shida tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad. Shi ya sa duniya ta san dutsen da Almahata Sitta, wato tasha ta shida da Larabci.

Yaron bai taɓa jin labarin ba, ga shi ya haddace sunan Newton. Wannan ya fi gardamar sukarin ci mini rai. Babansa dai ya ja mayafi ya ce in mun gama a mayar masa da ledarsa kicin, da safe zai sha shayi.