Shiga makarantar Katolika ba shi ne baftisma ba

A unguwar Obalende ta Legas, inda makarantar Katolika ta St. Gregory's take tun 1928, na sha jin iyaye suna cewa in ka kai ɗanka makarantar Katolika, kafin ka ankara an yi masa baftisma, wato an shigar da shi addinin Kirista. Wannan tsoron yana damuna, don ba haka abin yake ba.

Gaskiya ne akwai addu'ar safe, ga gicciye a bangon aji. Amma dokar Cocin ta hana tilasta wa kowa shiga addinin. Yaron da ya kai shekara 7 ma, sai ya nema da bakinsa, ya zauna gaban katekis, wato malamin da ke koyar da addinin, ya koya tukuna. Ko gurasar Jibin Ubangiji, wadda ake rabawa lokacin ibada a coci, ɗan Katolika da aka shirya yake karɓa, sauran suna zaune a benci.