Awa 16 ba ci, sai ga ni tsugune a gaban suruki

Kun dai san halin cikina. Da safe a shafe kamar na ɗan firamare, da la'asar ya tashi ya ɗaure kamar kalangu, sai na ɓalle maɓallin wando a ƙarƙashin riga. Wannan ba teɓa ba ce, don teɓa ba ta zuwa da yamma ta tafi da asuba. Iska ce. Shi ya sa na kama tsarin nan na awa 16 ba ci, awa 8 a ci: daga ƙarfe 8 na dare sai 12 na rana, a tsakani ruwa kawai ko shayi ba sukari ba madara. Kuma ya yi mini aiki, kada wani ya ce na ɓata shi. Idan ciki ya zauna wayam, hanji yana yi wa kansa shara, kusan duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya matsa ya tura ragowar abinci gaba. Ƙugin da kuke ji ke nan. Mai jefa gyaɗa yanzu, biskit an jima, shayi mai kauri bayan nan, katse wannan sharar yake yi. Sati uku na yi lafiya ƙalau.

Ranar Asabar ɗin nan sha biyu ta same ni a kasuwa, ban samu zama ba sai ɗaya da rabi, idona har ya fara ganin bibbiyu. Na zauna wa garau-garau faranti ɗaya da ƙari, waken ya fi shinkafar yawa, ga ɗanyar albasa, ga kabeji, na kora da lemon kwalba mai sanyi guda biyu. Minti bakwai na tashi. Iskar lemon da wadda na haɗiya wajen gaggawa ta fito a gyatsa, na ce alhamdulillahi, an rabu lafiya. Ashe wake bashi yake bayarwa. Akwai wani nau'in sukari a cikinsa da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa, sai ya wuce babban hanji yadda yake, ƙwayoyin bakteriyar da ke can su yi ta walima suna fitar da iska. Albasa da kabeji ma hanyar ke nan. Tafiyar kuwa tana cin awanni. Wato abin da na ci ɗaya da rabi, bayan magariba za a zo karɓar kuɗinsa.

Bayan magariba kuma muna gidan su uwargida, gaida Baba da jiki.

Na cire takalmi a bakin ƙofa, na shiga da sallama, na tsuguna. Duk wadda ta yi raino ta san in jariri na kukan ciki, ƙafafunsa ake naɗewa a danna kan cikin don iska ta fita. Abin da na yi wa kaina ke nan, da gwiwoyina, a gaban mutumin da ya ba ni 'yarsa. Tun a "ina wuni Baba" na ji saƙo ya iso ƙofa. Na matse. Fanka na juyawa, rediyo na karanta labarai, na ce ko da abu ya faru akwai rufin asiri. Baba ya ce "ya aiki?" na ce mun gode Allah. Ya ce "ya kasuwa?" Daidai nan aka ɗauke wuta. Fanka ta yi shiru, ɗan auta ya miƙa hannu ya kashe rediyon don a ji gaisuwa da kyau.

Da a ce gajeruwa ce, da na yi tari na binne ta. Wannan doguwa ce, mai hawa da sauka, ta fara da siririyar murya kamar ana buɗe tsohuwar ƙofa, ta tsaya kamar ta gama, ta sake ɗauka. Na goga ƙafa a ƙasa don a ce takalmi ne. Takalmi yana waje. Na waiga ko akwai kujerar leda da zan ɗora wa laifi, a kan darduma nake.

Baba, Allah ya ƙara masa girma, ko gezau. Ya ce, "Ya wajen su Hajiya?" Na ce suna gaishe ku. Ya ce, "Madalla. Kai, buɗe mana taga, zafi ake yi." A cikin hunturu.

Amma ɗan autan nan! Yaron da na saya wa takalmin Sallah bara. Yaron da ya cinye mini data kaf yana kallon ƙwallo ban ce uffan ba, na gyara masa keke har sau biyu, ciki har da sarƙar da shi ya tsinka da ganganci, na sani, don ya ga ta abokinsa sabuwa. Bai yi dariya ba, da ya yi da na yafe. Ya tsaya jikin taga ya harɗe hannu yana dubana kamar alƙali. Ana kiran isha, ba wanda ya aike shi, ya fita ya dawo da buta cike, ya dire ta a gabana ya ce, "Yaya, ga ruwan alwala." Ni kaɗai. Mutum biyar ne a ɗakin.

A mota uwargida ta sauke mini saƙon Mama, wanda ke nufin labarin ya riga ni isa cikin gida. Wai a jiƙa wake tun dare, awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan jiƙon, a sake wani, a dafa shi ya yi luguf. Gaskiya ce, wani kaso na sukarin nan yana bin ruwan. Wai in sha biyu ta yi in fara da ruwa mai ɗumi da dabino uku, in jira kamar minti 15, sannan in ci rabin faranti a hankali ina taunawa. Lemon kwalba a bar shi. In ana son nono, kindirmo ya fi madarar gari sauƙi, don tsamin ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin madarar. Zogale da rama a ƙara su kaɗan-kaɗan cikin sati biyu, wanda ya tara su rana ɗaya zai yi irin tawa. Bayan cin abinci a taka ƙafa minti 10 zuwa 15. Ta kuma ce a tuna mini da hadisin sulusi abinci, sulusi ruwa, sulusi numfashi, ni da na cika duka ukun da wake.

Ku da kuke son gwada tsarin awa 16 ɗin, mai gyambon ciki, mai shan maganin ciwon suga da mai juna biyu kada su fara sai sun ga likita. Kumburin da ba ya sauka da safe, ko ya zo da ramewa, amai ko jini a bahaya, wannan na asibiti ne.

Ina nan dai a kan awa 16 ɗina. Gidan ne ban koma ba tukuna. Jiya yaron ya aiko a gaya mini wai tayar kekensa ta sace, tana fitar da iska.