Mai bashi ya riga rumbu

Jiya na dawo daga Tibiri, kuma har yanzu abin da na gani bai bar zuciyata ba. Kaka ta yi kyau, alhamdu lillahi. Amalanken shanu sai wucewa suke da damman hatsi, yara na biye suna tsintar zangarniyar da ta faɗo. Amma da na shiga gidan kawuna, rumbu biyu na tarar, ɗaya rabi, ɗaya wayam. Na ce, "Kawu, ina hatsin?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, mai bashi ya riga rumbu."

Wannan magana ta yi mini ciwo, don na san ko su wa muke. Gobirawa sun rasa babban birninsu Alƙalawa a 1808, sun sake shan kashi a Gawakuke a 1836, sannan Sarki Mayaƙi ya zo ya kafa Tibiri a bakin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da Ɗan Kasawa ya zaunar a Maraɗi. Mutanen da suka rasa birni ke nan, suka sake tsayuwa da ƙafarsu albarkacin fadamar gulbi da hauya. Sun iske Anna, wato Hausawa masu addinin gargajiya, a ƙasar, da gandunsu da al'adunsu na noma.

Cikin al'adun nan akwai bikin dubu. Manomi ya yi ta fama shekara da shekaru har ya tara dami dubu, sai ya kira dangi da makaɗa da mutanen ƙauyukan kewaye, a ci a sha, ya rarraba hatsin nan. Daga ranar ya zama Sarkin Noma. Ku lura da kyau, ba da tarawa ya samu sunan ba, da rabawa ya same shi. Ba ina kiran a koma ga tsafin da ke tattare da bikin ba ne, mu Musulmi ne, kuma muna da zakka. Abin da nake kewa shi ne lokacin da ake auna mutum da cikar rumbunsa.

Yau fa? Gandu ya tsattsage, gonar da kaka ɗaya ya noma jikoki goma ke rabonta. Abinci na ƙarewa tsakiyar damina, daidai lokacin da ake cikin noma. Dole magidanci ya ci bashi, a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, sa'ad da tiya ta fi kowane lokaci araha. In damina ta zagayo kuma, hatsin nan nasa zai saya da tsada. Wanda ya ga yunwar 2005 ya sani: akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu.

Dabara kuwa akwai. Wasu ƙungiyoyin manoma suna ajiye hatsinsu a magaza, wato ɗakin ajiya, a kulle, su karɓi rance a kansa, sai farashi ya tashi su sayar su biya. Me ya hana kowane gari samun irin wannan? Mu ƴan Tibiri da ke zaune a Maraɗi da Yamai da Kano, kuɗin da muke turawa gida a watan Agusta, da a kaka muka haɗa shi aka sayi hatsi aka ajiye, da ya fi amfani nesa ba kusa ba.

Ni dai na biya wa kawu abin da ya rage. Da zan fito, na bar shi yana gyaran jinkar rumbun nan da ba kome a ciki.