Taron minti 15 da ke cinye mana hantsi

Wallahi na gaji. Kullum ƙarfe tara a ofishinmu sai mu jeru kamar 'yan firamare, wai taron tsaye. Ƙa'idar Scrum, wato tsarin gudanar da aiki da muke bi, minti 15 ta ba wannan taro, kuma na masu rubuta manhaja ne irinmu, su daidaita aikin yini a tsakaninsu. Namu na ranar Litinin minti 50 ya ci. Oga ya jawo kujera ya hakimce, kofin shayi a hannu, mu muna tsaye, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya: "Kai kuma me ka tsinana jiya?"

Wanda aka ɗauko a matsayin Scrum Master yana gefe yana rubutu. Aikinsa fa shi ne ya kawar mana da abin da ya tare hanya, ya hana a riƙa jibgo mana sabon aiki a tsakiyar zango, wato ɗan wa'adin da muke ɗiba mu kammala ayyukan da muka ɗauka. Mako uku ke nan ina roƙon izinin shiga sabar gwaji, kwamfutar da muke gwada manhaja a kanta. Kullum amsa ɗaya: "Ina bin maganar." Amma ka bar katin aikinka a Jira, manhajar bibiyar ayyuka, bai motsa ba na kwana ɗaya, kafin azahar labari ya isa sama. Kwas ɗin kwana biyu ya yi, ya karɓo satifiket, aka mayar da shi hedima.

Ban ma ga laifinsa sosai ba, albashinsa a hannun oga yake. Wa zai ce wa mai biyansa a'a? Mun tsara zangon mako biyu, ranar Laraba ƙarfe 11 na dare oga ya turo saƙon murya a WhatsApp: kwastoma na son sabon shafin biyan kuɗi kafin Juma'a. Da zango ya ƙare, mu aka tsare da tambayar me ya hana mu cika alkawari. Makin da muke sa wa ayyuka don kintace kawai, yanzu da shi ake auna wane ne malalaci.

Mutum 17 da suka zauna a jihar Yuta ta Amurka a 2001 suka rubuta sanarwar Agile, wato aƙidar aikin da Scrum ke bi, mutane da mu'amalarsu suka fifita a kan tsari da kayan aiki. Mu kuwa a taron waiwaye na ƙarshe, wanda ake yi bayan kowane zango don duba yadda aiki ya tafi, aka ce kowa ya faɗi gaskiya, babu komai. Wata abokiyar aikinmu ta ce sauya buƙatu ne ke kashe mu. Washegari aka kira ta ofishin oga, ta fito idonta jawur. Gobe akwai wani taron waiwayen, har na rubuta nawa a takarda: "Komai lafiya lau."